Tabo a bayan ido: yaushe ake jira, yaushe ake taɓawa?

Kawuna tela ne a Tawa. Shekara talatin da wani abu ke nan yana zaune gaban keke, aikin wuyan riga ne abincinsa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda ake bin zare a wuyan babbar riga ya san da ido ake cin wannan abinci. Bara bayan babbar Salla ya zo Yamai duban ido, saboda ciwon suga da yake fama da shi ya sa aka ce kowace shekara sai an leƙa bayan idonsa. Ni na raka shi. Aka ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, muka zauna muna jiran ya kama, sannan likita ya haska. Na dama bai ɗauki lokaci ba. Na hagu kuwa ya daɗe a kansa, ya ce Kawu ya dubi sama, ya dubi gefe, ya sake duban sama.

"Baba, sugan bai taɓa idonku ba tukuna," in ji shi. "Amma akwai wani tabo baƙi can ciki. Ina son mu auna shi."

Kawu ya ce, "Likita, ni ba na jin ciwon komai."

"Irin wannan ba ya ciwo, Baba. Shi ya sa ake auna shi."

Aka yi hoton eko, wato irin hoton da ake yi wa mai juna biyu, aka ɗauki hoton bayan idon. Kaurin tabon milimita 1.7, faɗinsa 6. A takarda likita ya rubuta kalmomi biyu da alamar tambaya a tsakaninsu: ko tawadar Allah ce ta cikin ido, ko kuwa ƙaramar melanoma ce, wato sankarar ƙwayoyin launi. Ya ce a dawo bayan wata uku. Kafin mu isa gida labari ya kai Abijan, inda babban ɗan Kawu yake ci-rani, kuma saƙon muryarsa a WhatsApp gajere ne: in dai an ambaci kansa, a cire idon tun da wuri, shi zai biya. Inna daga Tawa ta ce kada wanda ya taɓa mata idon miji, mutum yana gani garau. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma abin da na fahimta daga baya shi ne, gardamar da aka yi a gidanmu ita ce dai manyan likitocin ido na duniya suke yi fiye da shekara 40, ba su gama ba har yau.

Ido kamar ƙoƙo uku ne da aka jera ɗaya cikin ɗaya. Na waje shi ne farin nan mai tauri. Na ciki shi ne tantanin gani, wanda haske ke sauka a kansa. Tsakaninsu akwai wata shimfiɗa cike da jijiyoyin jini da ƙwayoyin launi, likitoci suna ce mata koroyid, ita ke ciyar da tantanin. Ƙwayoyin launin nan ƴan uwan waɗanda ke ba fatarmu launi ne. In suka taru wuri ɗaya suka tsaya, sai su zama tawadar Allah, kamar wadda mutum ke da ita a kumatu, sai dai wannan babu mai ganinta in ba da fitilar likita ba. In kuma suka ƙi tsayawa, suka yi ta ninkuwa, sun zama melanoma. Ita ce sankarar da ta fi kowace farawa daga cikin idon babban mutum, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nata a koroyid take tsirowa. Da ta girma ganewa ba wuya. Wahalar tana wurin ƙarama, mai kaurin da bai wuce milimita 3 ba, kusan ƙwayar hatsi ɗaya manne a bangon ƙwallon da faɗinsa milimita 24 ne. A wannan girma tawada da sankara kamarsu ɗaya.

Tawadar kuma ba abu ne mai wuyar samu ba. A Turawa, kusan mutum 5 cikin 100 suna da ita a bayan ido ba su sani ba, kuma wani ƙiyasi da aka buga a 2005 ya nuna cewa a kowace shekara ɗaya ce tak cikin kusan 8,800 take rikiɗewa. Da za a ce duk tabon da aka gani a ƙone shi, da an makantar da dubban idanu don a kama ƙari ɗaya. To amma ɗaya ɗin nan ba abin wasa ba ne. Melanomar ido ta jini take bi in za ta bazu, kuma a kusan mutum 9 cikin 10 da ta bazu a jikinsu hanta take nufa. In aka bi marasa lafiya shekaru masu yawa, kusan rabinsu sai an iske ta kai can, wani bayan shekara 3, wani bayan 15, alhali idon an yi masa magani ya lafa. Da ta kai hanta kuwa, magani ya yi ƙaranci. Sai a 2022 aka amince a Amurka da magani na farko da ya nuna yana ƙara wa irin waɗannan kwana, sunansa tebentafusp, kuma abin da ya ƙara watanni ne: matsakaicin rayuwa ya tashi daga wata 16 zuwa kusan 22, shi ma sai ga masu wani nau'in ƙwayar gado ta garkuwar jiki.

Ɗan Kawu da ya ce a cire, wannan yake tsoro ko da bai san alƙaluman ba. Kuma alƙaluma suna goyon bayan tsoronsa ta wani gefe. A asibitin ido na Wills da ke Filadelfiya, Jerry Shields da Carol Shields da abokan aikinsu sun bi idanu 8,033, suka buga sakamako a 2009. Cikin shekara 10, ƙananan ƙari sun bazu a kashi 12 cikin 100 na masu su, matsakaita kashi 26, manya kashi 49. Kusan kowace milimita ɗaya da kauri ya ƙaru tana ƙara haɗarin da kashi 5. Wanda ya kalli wannan jeri zai ce ai magana ta ƙare, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai tanƙwarawar tana da farashi, kuma ido ne ke biya. Maganin da aka fi yi yanzu shi ne a ɗinka wani ɗan faifai a bayan farin ido, daidai saitin ƙarin, ɗauke da sinadari mai fitar da haske mai ƙuna, ayodin-125 ko rutiniyom-106, a bar shi ƴan kwanaki sannan a cire. Akwai kuma harbin ƙarin da furoton, wani nau'in haske mai ƙuna da na'ura ke harbowa daga waje, wanda aka fara a Boston a 1975, Faransa kuma take yi a Nis da Orsai tun 1991. Duka biyun suna kashe ƙarin a cikin ido a fiye da mutum 9 cikin 10. Amma hasken ba ya tambaya kafin ya ƙona. Ƙananan jijiyoyin jinin tantanin gani sukan lalace sannu a hankali, shekara ɗaya, biyu, uku bayan aikin. Yanar ido takan sauko. Jijiyar gani takan bushe in ƙarin yana kusa da ita. A babban binciken nan na Amurka da Kanada da ake kira COMS, cikin masu matsakaicin ƙari da aka sa wa faifai, kashi 43 ganinsu ya faɗi zuwa 1 bisa 10 ko ƙasa da haka cikin shekara 3. A ƙananan ƙari hasken da ake buƙata bai kai haka ba, kuma allurar da ake yi cikin ido yanzu tana rage ɓarnar, amma in tabon yana jikin cibiyar gani, inda mutum ke karatu da zura zare a allura, ba a cika tsira da gani kamar da ba. Tela mai gani 10 bisa 10 zai iya shiga aikin da ƙafarsa ya fito ba zai ƙara bin wuyan riga da wannan idon ba, kuma mai yiwuwa abin da aka ƙona tawada ce da za ta zauna lafiya har ranar da za a kai shi makwanci.

Akwai wani tarihi a nan da ya kamata a sani, don shi ya sa likitoci ba sa rawar jiki wajen cire ido kamar da. Shekaru da dama cirewar ita ce magani. A 1978 wani masanin cututtukan ido a Amurka, Lorenz Zimmerman, da abokansa biyu suka lura cewa mutuwa takan yi yawa wajen shekara 2 bayan an cire idon, har suka yi tambayar da ta girgiza kowa: anya ba matsar idon lokacin aikin ce ke tura ƙwayoyin cutar cikin jini ba? Wannan tambaya tana cikin abin da ya haifi COMS a tsakiyar shekarun 1980. Aka ɗauki mutum 1,317 masu matsakaicin ƙari, ƙuri'a ta raba su, wasu aka cire musu ido, wasu aka sa musu faifai. Bayan shekara 12 ana binsu, babu bambanci a yawan waɗanda suka rayu. Ma'anar wannan tana da nauyi: cire ido ɗungurungum bai fi barinsa a ƙona ƙarin kare rai ba. Yanzu an fi fassara abin da Zimmerman ya gani da cewa ƙwayoyin sun riga sun tafi tun kafin wuƙa ta zo. Masu bincike a Helsinki sun lissafa saurin ninkuwar ƙarin hanta a 2000, suka koma baya da lissafin, suka ga cewa a mutane da yawa tafiyar ta faru har shekara 5 kafin a yi wa idon magani, lokacin da ƙarin yake ɗan mitsitsi.

Wannan lissafi wuƙa ce mai kaifi biyu, kuma kowane ɓangare yana riƙe da ita. Masu cewa a yi maza sukan ce: tun da tana tafiya tun tana ƙarama, kowane watan jira dama ce aka ba ta. Masu cewa a dakata sukan ce: wadda za ta tafi ta riga ta tafi, wadda ba za ta tafi ba ko an bar ta ba za ta tafi ba, to me ya sa za a salwantar da gani kafin a tabbatar? COMS ba ta yi ƙuri'a a kan ƙananan ƙari ba, bin su kawai ta yi. Cikin mutum 204 da aka bi, kashi 21 nasu ya girma cikin shekara 2, kashi 31 cikin shekara 5, wato kusan biyu cikin uku ba su motsa ba duk da an sa musu sunan melanoma. Waɗanda melanoma ta kashe cikin shekara 5 kashi 1 ne. Wani bincike na cibiyoyin Turai da aka buga a 2019 ya bi ta wata hanya, ya tattara mutum 45 da ƙaramin ƙari ya bazu a jikinsu, ya duba girmansa lokacin da aka yi magani: babu ko ɗaya da faɗinsa ya gaza milimita 3. Ke nan akwai girman da jira a cikinsa kusan ba shi da haɗari, akwai kuma inda haɗarin yake farawa, kuma tazarar da ke tsakani ba ta fi kaurin tsinken ashana biyu ba.

Ni abin da ya fi kwanta mini shi ne a ɗauka marasa lafiyar kashi uku ne. Akwai wanda ƙarinsa mugu ne tun asali, ya aika da iri hanta kafin a gan shi. Akwai wanda nasa rago ne, ko tawada ce ma. Sai na tsakiya, wanda ƙarinsa yau mai sauƙi ne amma in aka bar shi yana ninkuwa wata rana zai canza hali. Saboda na tsakiyan nan ake duk wannan fama, don shi kaɗai ne ranar da aka yi magani take raba shi da mutuwa. Kuma daga waje duka ukun kamarsu ɗaya.

Shi ya sa aka koma neman alamu. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima; a wannan wuri kimar ba ta isa, sai an kawo mudun. Ƙungiyar Shields ta fara tsara alamun tun 1995, ta sabunta su a 2019 da na'urorin zamani, suka zama shida. Kauri ya wuce milimita 2. Faɗi ya wuce 5. Ruwa ya taru ƙarƙashin tantanin gani, wanda na'urar OCT take nunawa ko da ɗan kaɗan ne, kuma yana nufin abin yana tsatsa, yana da rai. Wani launi ruwan goro ya barbazu a saman tabon, dattin ƙwayoyin da ƙarin ke cutarwa ne. Eko ya nuna cikinsa kamar rami maimakon cunkushe. Sai kuma gani ya ragu zuwa 4 bisa 10 ko ƙasa. Tabon da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, yiwuwar ya girma ya zama melanoma cikin shekara 5 kashi 1 ne. Mai alama ɗaya kashi 11, biyu 22, uku 34, huɗu 51. Akwai kuma alamun kwanciyar hankali: ƴan ɗige-ɗige fari-fari a saman tabon, da ke nuna ya daɗe zaune kamar gansakuka a bakin tsohuwar rijiya, ko wani farin zobe da ya kewaye shi. A Ingila Bertil Damato ya tsara wani ma'auni makamancin wannan don masu duban ido da ba ƙwararrun sankara ba su san wanda za su tura gaba da gaggawa.

Na Kawu alama ɗaya gare shi, faɗin nan na milimita 6. Ba ruwa, ba ruwan goro, yana da fararen ɗige-ɗigen, kuma yana nesa da jijiyar gani. Da uku ko huɗu ne da hukuncin ya canza, don cibiyoyi da yawa ba sa jiran irin wannan ya nuna girma. Kuma alamun ba su kaɗai ake ɗorawa a sikeli ba. Ana duban shekarun mutum: ɗan shekara 40 yana da dogon lokaci a gabansa da ƙari zai iya canza hali, tsoho ɗan 85 mai ciwon zuciya kuwa wataƙila ganin yau ya fi masa amfani. Ana duban ɗayan idon, ko yana gani ko ya riga ya mutu. Ana duban wurin da tabon yake: wanda ke can gefe ana iya ƙona shi gani bai ji komai ba, saboda haka ba a cika ja masa rai ba, wanda ke jikin cibiyar gani shi ne mai sa likita kwana yana juyi.

Wani zai ce me ya hana a tsaga a ɗebo a duba, kamar yadda ake yi wa ƙarin nono? Ana yi, da siririyar allura, kuma abin da ake nema yanzu ya wuce kamannin ƙwayoyin. Tun 1996 masu bincike a Esen ta Jamus suka nuna cewa ƙarin da ya rasa ɗaya daga cikin kuromosom na 3 guda biyu (kuromosom su ne ƙunshin ƙwayoyin gado) shi ne mai saurin kisa, a 2010 kuma aka gano lalacewar ƙwayar gado mai suna BAP1, wadda ke kan wannan kuromosom, tana bayan yawancin masu bazuwa. Amma ɗiban nama daga abin da kaurinsa bai kai milimita 2 ba aiki ne na hannu ƙwararre, wani lokaci abin da ya fito ba ya isa gwaji, jini na iya zuba cikin ido, kuma allura wuri ɗaya take taɓawa, ba ta ba da labarin ƙarin duka. Ga shi kuma gwajin sai a ƴan ɗakunan bincike na ƙetare.

Duk abin da na faɗa zuwa nan daga idanun Turawa aka tattara shi, kuma a nan ne nake ganin lissafinmu ya bambanta da nasu ta hanyoyin da ke ja wa juna. Cutar ta fi kama masu farar fata da idanu masu haske. A Amurka, Turawa kusan 6 cikin miliyan ke kamuwa a shekara, baƙar fata kuwa kusan 0.3. In aka ɗora wannan a kan ƙasa mai mutum fiye da miliyan 25 irin tamu, bai kai mutum goma a shekara ba, ko da yake lissafin alli ne kawai, wanda ya mutu a ƙauye da ciwon hanta ba a taɓa leƙa idonsa ba babu wanda ya ƙirga shi. Abin da wannan ke nufi shi ne, baƙin tabo a bayan idon Ba'adare ya fi yiwuwa wani abu ne dabam. Mai sikila yakan sami baƙaƙen tabo a tantanin gani inda jini ya taɓa zuba ya bushe. Tsohon ciwon toksofilasma, wata ƙwayar cuta mai kama bayan ido, yana barin tabo mai baƙin baki. Tarin fuka yana iya yin ƙullutu a koroyid. Jinin da ya taru ƙarƙashin tantani a dattijo mai hawan jini yakan yi tudu mai duhu har a rantse ƙari ne, bayan wata biyu ya sace. Akwai wata baƙar tawada mai zama a kan jijiyar gani, melanositoma, wadda galibi ba ta da illa. Sankarar nono ko ta huhu ma takan yi reshe a ido, kuma maganinta dabam. Cire ido a kan zato, a wurin da zaton ya fi yiwuwa kuskure ne, asara ce da ba a mayarwa. Ina ganin bai kamata a cire idon da ke gani saboda ƙaramin tabo ba sai likita na biyu ya ga hotunan, kuma yau hoto yana isa Dakar ko Bamako ko Pari kafin shayi ya huce.

Ɗaya hanyar kuma ita ta fi ba ni tsoro. Bature in an ce masa a jira, jiran yana da hoto, yana da awo, yana da rana, in bai zo ba a kira shi. A wurinmu "a dawo bayan wata uku" sau da yawa sallama ce. Daga Tawa zuwa Yamai fiye da kilomita 500 ne, a bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ga kuɗin mota, ga masauki, ga shago a rufe kwana uku, duk don ido da ba ya ciwo. Mutum zai ce ciwon ido sai haƙuri, balle wanda ba ciwon ma. Sai bayan shekara 4 ya dawo da ido jawur, tantani ya ɓalle, ƙari ya cika rabin ƙwallon. Duk alƙaluman da ke cewa jira ba shi da haɗari sosai an samo su ne daga mutanen da aka kama girman ƙarinsu cikin watanni aka yi magani nan take. Wanda ya ɓace ba ya cikin wannan lissafi. Saboda haka tambayar da likitan nan zai yi wa kansa ta fi ta takwaransa na Filadelfiya yawa: ban da "mene ne wannan", akwai "zai dawo kuwa", akwai kuma "in ya girma, ina za mu kai shi". Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai ta fara gashi da haske a 2021, kuma babban ci gaba ne ga masu sankarar nono da ta mahaifa, amma faifan ido da furoton wani fanni ne dabam da cibiyoyi ƙalilan suke yi a duniya. Wanda zai buƙace su yana buƙatar fasfo da biza da kuɗi, abubuwan da ba a haɗawa cikin sati ɗaya. A ganina watannin jira su ne lokacin fara wannan shiri, tun ba a san ko za a buƙace shi ba.

Na gaya wa ɗan Kawu haka a waya: kuɗin da ya yi niyyar biya a cire idon, ya ajiye su su zama kuɗin mota sau uku a shekara. Na kuma roƙi a ba mu kwafen hotunan da awon a rubuce, kauri da faɗi da kwanan wata, don ko likita ya canza ko na'ura ta canza a sami abin gwadawa. Girma ba a gane shi da tuni, sai an ajiye hoton jiya kusa da na yau an bi bakin tabon ana duban jijiyoyin jinin da ke kewaye da shi, kamar yadda manomi ke gane an ci masa iyaka ta wurin gamban da ya dasa. Likita ya kuma koya wa Kawu abin da zai sa ya taho ba tare da jiran rana ba: in ya rufe idon dama ya ga bakin ƙofa ya karkace, ko walƙiya tana gilmawa a gefe ba hadari, ko wata inuwa ta tsaya wuri ɗaya.

Da muka koma bayan wata uku eko ya ba da 1.9. Gabana ya faɗi. Likita ya sake aunawa sau biyu, ya sami 1.7 da 1.8, ya ce bambancin da bai kai rabin milimita ba yakan zo daga yadda aka riƙe na'urar, shi ya sa ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Ya jera hotunan biyu, bakin tabon yana nan inda yake, ƙaramar jijiyar da ta ratsa gefensa ba ta gusa ba, ruwa bai taru ba. Ya ƙara da cewa ko tawada ta gaskiya takan ɗan faɗaɗa cikin shekaru masu yawa, abin da ake tsoro shi ne girman da ake iya gani cikin watanni. Zuwa na uku ma haka. Yanzu an mayar da shi wata shida-shida.

Ranar da aka sa masa ta gaba ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da Kawu ke rufe shago ya koma gona. A gabana ya ce, "Likita, a bar shi sai kaka mana, in an shigar da hatsi."

Likita ya duba kalanda ya ce, "Baba, sati biyu zan iya ƙara muku. Kaka ta yi nisa."

Kawu ya juyo ya dube ni. "To ɗiyata, rubuta ranar. Ki kira ni ana saura kwana uku, in sa yara su kama noman."